Dattijon da Ya Ware Kwanonsa: Nazarin Lamarin Tsangwama da Kaɗaici a Unguwar Sinawa ta San Faransisko

An harhaɗa wannan lamari ne daga abubuwan da ake yawan cin karo da su wajen kula da tsofaffin baƙi 'yan asalin Asiya masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV a Amurka. Dattijon da ke ciki misali ne na koyarwa, haka ma lambobin gwajinsa, don haka ba a sa masa suna ba. Dokoki da magunguna da cibiyoyin da aka ambata kuwa na gaske ne.

Shekarunsa 68. Daga gundumar Taishan ta lardin Guangdong a kudancin ƙasar Sin ya zo, a farkon shekarun 1990, bisa takardar haɗa iyali. Ya yi shekaru kusan talatin yana girki a gidajen abinci. Matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya yana zaune da iyalinsa a hayin ruwa, wajen Oakland. Shi kuma yana cikin irin gidajen hayar nan na Unguwar Sinawa da ake ba mutum ɗaki ɗaya tal, wanda da ƙyar yake ɗaukar gado da ɗan teburi, ana tarayya a kicin da banɗaki da mutanen bene guda. Turancinsa bai wuce na ƙirga kuɗi ba. Yaren Taishan ne harshen gidansu, yana jin Kantonis, harshen yankin Guangdong, sosai, Mandarin kuwa, babban harshen ƙasar Sin, sama-sama. Yana da ciwon suga, yana shan metformin, kuma tun da daɗewa an san yana da ciwon hanta nau'in B, abin da ba baƙo ba ne a cikin jama'arsa: fiye da rabin masu wannan ciwo na dindindin a Amurka 'yan asalin Asiya ne da tsibiran Pasifik.

Yadda aka makara

Shekara biyu kafin a gano cutar, jikinsa ya yi ta magana ba a saurara ba. Ƙuraje masu raɗaɗi sun feso masa a gefe ɗaya na ƙirji, aka ce ai tsufa ne. Ya rame, aka ɗora wa ciwon suga. Bakinsa ya yi fari-fari, aka ba shi maganin kurkura. Ƙwayoyin daskarar da jini sun ragu, aka ce hanta ce. Kowane bayani yana da ma'ana in an ɗauke shi shi kaɗai. Haɗuwarsu a jikin mutum ɗaya ita ce ya kamata ta sa a yi gwajin HIV, amma babu wanda ya yi.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Shawarar CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta gwajin kowa da kowa ta tsaya ne a shekara 13 zuwa 64, don haka wanda ya haura nan sai likita ya yi tunani da kansa. Kuma likita yakan ji nauyin tambayar sa'an mahaifinsa batun jima'i, balle ga ɗan mutumin a zaune yana tafinta. Ga kuma tunanin cewa wannan ba cutar 'yan Asiya ba ce, tunda kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai na sababbin masu cutar a Amurka. Wannan adadi yana ruɗarwa, domin an cusa Basine da ɗan Filifin da ɗan Biyetnam da Ba'indiye a buhu ɗaya, sannan ƙarancin gwaji shi kansa yana rage lambar.

Yana da shekara 66 aka kwantar da shi da numfashi sama-sama. Ciwon huhu ne irin wanda ke kama mai raunin garkuwa. Ƙwayoyin CD4 ɗinsa, wato ƙwayoyin garkuwar jiki da HIV ke kashewa, 58 ne a kowane ɗigon awo, alhali duk abin da ya gaza 200 ya shiga matakin ƙanjamau.

Ranar da za a faɗa masa, likita ya yi daidai da ya fitar da ɗan daga ɗakin. Dokar tarayya ta wajabta wa asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnati ya samar da tafinta, kuma ta taƙaita amfani da dangi a wannan aiki. Sai dai a takarda an rubuta “Sinanci” kawai, aka kira tafintan Mandarin ta waya. Dattijo ya yi ta gyaɗa kai. Gyaɗa kai a wurinsa girmama likita ne. Abin da ya fita da shi daga zaman kalma ɗaya ce, sunan cutar, da kuma abin da ya daɗe da sani game da ita: ana mutuwa, kuma ana kora. Batun kora ba shaci-faɗi ba ne. Daga 1987 zuwa Janairun 2010 Amurka ta hana masu HIV shigowa, kuma shi da kansa an ɗebi jininsa don wannan gwaji kafin a ba shi izinin zama. Babu wanda ya taɓa sanar da shi cewa an soke dokar.

An fara masa ƙwaya ɗaya a rana mai haɗe da bictegravir da emtricitabine da tenofovir alafenamide. Zaɓin ya dace, domin biyun ƙarshe suna danne ƙwayar ciwon hanta B ma. An ƙara masa cotrimoxazole don kare huhu har sai CD4 ta haura 200 ta zauna a can sama da wata uku. Cikin wata shida ƙwayar HIV ta ɓace daga ma'aunin gwaji. A takardun asibiti, an yi nasara.

Abin da takarda ba ta nuna ba

A wata na goma sha shida da fara magani ya dawo da kasala da idanu rawaya-rawaya. Ma'aunin ALT na hanta, wanda a da yake kusa da 30, ya haura 400. Ƙwayar HIV ta dawo dubbai masu yawa a kowace mililita. Bayanin farko da aka rubuta shi ne “ba ya bin ƙa'idar shan magani”, har aka fara zargin mantuwar tsufa. Gwajin ƙwaƙwalwa da aka yi masa da Kantonis ya nuna lafiyarsa lau. Sai da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta zauna da shi sau uku, da tafinta ta bidiyo daga wata jiha, sannan zaren ya fito.

Ya je gidan ɗansa bikin sabuwar shekarar Sinawa, zai yi mako uku. Surukarsa ce ke gyara masa ɗaki da jaka, don haka ya bar kwalbar maganin a gida. Da ya dawo lokacin karɓar sabon magani ya yi, amma yarinyar da ke kan kanta a kantin maganin unguwa ƙawar surukar ce. Ya je ƙofar sau biyu ya juya. An taɓa yi masa tayin aiko maganin ta gidan waya, ya ƙi, saboda a gidan hayarsu duk saƙo a teburi ɗaya ake zubewa a ƙasan bene, kowa ya tona ya ɗauki nasa. Da aka lissafa, mako goma ya yi babu magani. Tsayar da tenofovir ga mai ciwon hanta B yana iya sa ƙwayar ta yunƙuro da ƙarfi, kuma a jikin kwalin maganin akwai babban gargaɗi kan haka. Da Turanci aka rubuta shi.

Tun kafin wannan ma akwai ɓaraka. Ya kankare takardar jikin kwalba, daga baya ya juye ƙwayoyin cikin robar sinadarin kalsiyam da ɗansa ya saya masa don ƙashi, yana haɗiye su tare da sassafe kafin ya ci komai. Kalsiyam da ƙarfe da magungunan ƙwannafi masu alminiyam ko magnesiyam suna riƙe bictegravir a cikin hanji su hana shi shiga jini. Ƙa'idar ita ce kalsiyam ko ƙarfe a sha su tare da maganin in da abinci. Maganin ƙwannafi kuwa, a sha na HIV awa 2 kafinsa ko awa 6 bayansa. Ya kuma jefar da ɗan ƙunshin da ke tsotse danshi a kwalbar asali, yana zaton shara ce.

Sannan ga takardun inshora. Tsarin magunguna na Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati don tsofaffi, yana aiko da bayanin abin da aka biya, da sunan kowane magani a jere. Duk wasiƙun Turanci na dattijon gidan ɗansa suke zuwa, tun zamanin da matarsa na raye. Ya yi wata da watanni yana kwana da fargabar ranar da ɗan zai ɗauki sunan maganin ya duba a waya.

Duk waɗannan ba su kai abin da ya yi wa kansa nauyi ba. A gidan Sinawa abinci a tsakiya ake ajiyewa, kowa ya miƙa tsinkayen cin abincinsa cikin akushi ɗaya. Shi kuwa ya ware kwanonsa da tsinkayensa da kofinsa, yana wanke su da tafasasshen ruwa, ya ce wa iyalin saboda ciwon hanta ne. Ya daina ɗaukar jikanyarsa. Ya daina zuwa dandalin Portsmouth inda tsofaffin unguwa ke buga kati da darar Sinawa, domin ramar da ya yi ta jawo tambayoyi. Ya bar zuwa taron ƙungiyar 'yan garinsu. Babu wanda ya ƙyamace shi, tunda babu wanda ya sani. Shi ya riga kowa yanke wa kansa hukuncin.

A nan ne ma'aikacin da bai san jama'ar ba yake yin kuskure, ya ɗauka tsoro ne na rashin sani da za a kawar da shi da takardar wayar da kai. Abin da Sinawa ke kira fuska, wato mutunci a idon jama'a, dukiyar gida ce gaba ɗaya. In ta zube, ta zube wa ɗa da jika, ta bi waya ta isa ƙauye a Taishan. Cutar kuma a tunanin tsararsa tana manne da karuwanci da allurar ƙwaya da neman maza, har a shekarun 1980 a ƙasar Sin akan juya rubutun sunanta ya ba da ma'anar “ciwon son jari-hujja”, wato kayan baƙi. Dattijo yana ganin rufin asirin ɗansa ne yake yi. Unguwar kuma ƙarama ce ƙwarai: tafinta, mai kantin magani, direban motar tsofaffi, duk ana haɗuwa a kasuwar titin Stockton. Lissafin da ya yi na wanda zai iya gani, lissafi ne na mai hankali.

Game da yadda ya kamu, tambayar “kai ɗan luwaɗi ne?” ko makamanciyarta ba ta samar da komai sai rufe ƙofa. Da aka tambaye shi a kan aiki, da wa, yaushe, da kariya ko babu, sai ya ba da abin da ake buƙata don sashen lafiya ya sanar da mutum ɗaya ba tare da ambaton sunansa ba. Ba a ƙara tono ba.

Awon kaɗaici

Bai taɓa cewa yana baƙin ciki ba. Kukansa rashin barci ne, da nauyin ƙirji, da jiri, da rashin ɗanɗanon abinci. Haka damuwa kan fito a wurin tsofaffi da yawa na wannan jama'a, ta hanyar jiki. A tambayoyin PHQ-9 na auna damuwa ya sami maki 7, ƙasa da 10 da ake ɗauka matsakaiciyar damuwa, domin duk tambayar da ta shafi zuciya ya amsa da “babu”. Ma'aunin Lubben mai tambaya shida ya fi kama gaskiya, saboda shi ƙirge yake nema: dangi nawa kake gani ko ji daga gare su a wata, nawa za ka iya kira in kana neman taimako, nawa za ka iya faɗa wa sirrinka, sannan a maimaita kan abokai. Jimillar maki 30 ne, ƙasa da 12 alamar keɓewa ce. Ya sami 5. A tambayar sirri, ta dangi da ta abokai, sifili ya bayar.

Abin da aka yi

Gwajin turjiya ya nuna ƙwayar ba ta bijire wa maganin ba, don haka aka mayar da shi kan wanda yake sha, ana duba hanta kowane mako biyu har ta sauka. Wani ya kawo shawarar allurar cabotegravir da rilpivirine da ake yi duk wata biyu, wadda Amurka ta amince da ita a 2021 a matsayin ta wata-wata, sannan ta duk wata biyu a 2022. A ido ita ce maganin matsalarsa: babu kwalba, babu ɓoyo. Sai dai ba ta taɓa ƙwayar ciwon hanta B, kuma ana so ƙwayar HIV ta riga ta kwanta kafin a fara ta. Da an sauya masa, da an sake jefa hantarsa cikin abin da ta fito, ko kuma a ƙara masa wata ƙwayar magani ta kullum don hantar, a koma gidan jiya. Wannan tarko ne da ya fi kama 'yan Asiya, kuma shi ya sa ba a sauya wa kowa magani sai an duba matsayin hantarsa.

Sauran gyaran duk ƙanana ne, kuma su suka yi aiki. An rubuta a saman fayil ɗinsa: yaren Taishan ko Kantonis, tafinta ta bidiyo daga wajen yankin, a faɗa masa sunan tafintan kafin a kunna kyamara domin ya iya cewa a'a. An mayar da karɓar magani kantin cikin asibiti, na wata uku a lokaci ɗaya, a ranar da yake zuwa ganin likitan suga. An sauya adireshin takardun inshora. Mai harhaɗa magani ya ba shi ƙaramin akwatin mako guda don tafiya, wanda ƙwayar ke zama cikin na suga da na hawan jini ba mai bambance ta, sauran kuma su zauna a kwalbarsu. An mayar da shan maganin lokacin abincin rana.

An ce ya zuba duk abin da yake sha a leda ya kawo, har da na gargajiya. A ciki aka sami jar shinkafar nan da ake sarrafawa da yis don rage kitsen jini. Tana ɗauke da sinadari iri ɗaya da lovastatin, maganin rage kitsen jini, kuma ana shirin fara masa ɗan'uwansa pitavastatin, wanda binciken REPRIEVE na 2023 ya nuna yana rage manyan cututtukan zuciya da kusan kashi 35 cikin 100 ga masu HIV 'yan shekara 40 zuwa 75. An jira hanta ta lafa, aka cire jar shinkafar, sannan aka fara. Ba a hana shi shayin ganyensa ba. Hana komai da komai yana sa mutum ya daina faɗa. An sa ido kan metformin domin bictegravir yana ɗan ɗaga shi a jini. Da ma'aunin creatinine na aikin ƙoda ya ɗan hau, ba a firgita ba, saboda maganin yana yin haka ba tare da ya taɓa ƙoda ba. Wani gwajin ƙodar, cystatin C, ya tabbatar. An yi masa hoton ƙarfin ƙashi, aka kuma sa shi a jadawalin hoton hanta duk wata shida, kamar yadda ake yi wa mazan Asiya masu ciwon hanta B da suka haura 40.

Zaman da ya fi kowanne tasiri bai kai rabin awa ba. Nas ta zauna da tafinta ta bi kayan gida ɗaya bayan ɗaya. Kwano, tsinkayen cin abinci, kofi, banɗaki, tawul, sumbatar jika, tari: babu ɗaya da ke yaɗa HIV. Ciwon hanta B ma ba ya bin kwano. Reza da buroshin haƙori da abin yanke farce ne ba a tarayya a kansu, kuma a gwada ɗansa da jikoki a yi wa wanda bai da kariya rigakafi. Ta ƙara da cewa wanda ƙwayar HIV ta sauka ƙasa da 200 a kowace mililita ta jininsa ta zauna a nan, ba ya sa wa kowa ta hanyar jima'i. Sannan ta ce ya maimaita mata da bakinsa. Ya tsaya a kan jikanyar, ya tambaya sau uku ko ya halatta ya ba ta abinci da tsinkensa. Aka kuma kawo lauyan shige da fice na kyauta ya gaya masa cewa cutar ba ta taɓa katin zamansa, ba ta hana shi zama ɗan ƙasa, kuma tunda ya haura 55 ya yi sama da shekara 15 da katin, zai iya yin jarrabawar da harshensa.

Wajen kaɗaici an fara da kuskure. San Faransisko gari ne mai tarihi a wannan fanni: sashen Ward 86 na kula da masu HIV a babban asibitin garin yana aiki tun 1983, a 2017 ya buɗe shirin Golden Compass don masu HIV da suka kai 50, kuma tun ƙarshen shekarun 1980 'yan Asiya suka kafa ƙungiyoyinsu na yaƙi da cutar. Sai aka ɗauka tura shi taron masu cutar zai wadatar. Taron Turanci bai ji komai ba. Da aka ambaci na masu jin Kantonis, fuskarsa ta canza, domin wurin da aka fi jin harshensa shi ne wurin da aka fi yiwuwar a san shi. Kawo abinci gida ma ya ƙi, don kada maƙwabta su karanta jikin leda.

Abin da ya karɓa biyu ne. Na farko, kiran waya sau ɗaya a mako daga wani mai cutar, sa'ansa, mai jin Kantonis, da ke wani gari, ba sunan gaske, ba hoto. Na biyu, cin abincin rana a cibiyar tsofaffi ta unguwa, inda ba a ambaton HIV ko kaɗan. Ma'aikaciyar ta raka shi ranar farko a matsayin mai taimaka masa da takardun suga. Ya zauna a teburin mutum takwas, ya ci daga akushin tsakiya.

Ba a matsa masa ya faɗa wa ɗansa ba. An tambaye shi sau ɗaya ko yana so a taya shi, ya ce a'a, aka rubuta, aka ce ƙofa a buɗe take. Ma'aikata ba sa yi wa ɗan ƙarya, ba sa kuma buɗe abin da dokar sirrin majiyyaci ta rufe. In ya kira, akan ce masa sai da izinin mahaifinsa.

Bayan wata shida ƙwayar ta sake ɓacewa daga ma'auni, ALT ta koma daidai, CD4 ta kai 240. Makin Lubben ya hau zuwa 11, saura ɗaya ya fita daga layin keɓewa. Ya koma dandalin Portsmouth, kwana biyu a mako.

Abu ɗaya ya rage a buɗe a fayil ɗin. A takardar wakilcin lafiya, ɗansa ya rubuta a matsayin wanda zai yanke shawara in ya kasa magana. Likita ya bayyana masa cewa a irin wannan rana wakili yana da ikon ganin abin da ake buƙata don yanke shawara, jerin magunguna na ciki, kuma ɗan zai iya ji daga bakin baƙo a sashen gaggawa. An ba shi zaɓi uku: ya sauya wakili, ya bar wasiƙa a rufe da za a miƙa wa ɗan in ranar ta zo, ko ya faɗa da kansa a gaban ma'aikaciyar. Ya karɓi takarda da ambulan ya tafi da su. An sa batun a jerin abin da za a sake tambaya a zuwansa na gaba, bayan wata uku.